Keken Shagari da Naɗin Boɗinga

Ni har gobe ban yarda na yi laifi ba. Gumina ne, ƙafafuna ne za su taka feda, kuma ban taɓa jin an kafa dokar da ta ce mutumin Boɗinga ba zai sayi keke a Shagari ba. Duk da haka sai da na cinye ƙarshen wata damina ina bin bayan gari ina waige-waige kamar wanda ya kwance akuyar mutane. Ni tela ne, magidanci da furfura ta fara leƙo wa a gemu, amma keke ya mayar da ni abin dariyar mai ɗakina.

Abin da ya jawo haka wani dattijo ne da duk gari ke ce wa Baba mai keke. Shagonsa na bakin titi, daidai tsakanin gidana da shagon ɗinkina, ba yadda za ka je ɗaya daga ɗaya ba ka gifta ta gabansa ba. Aminin mahaifina ne. Duk keken da ya taɓa shiga gidanmu daga hannunsa ya fito: na mahaifina, na yayana, da nawa da na yi aure da shi. Baƙaƙen kekuna yake sayarwa, masu nauyi, masu kariyar ɗaukar kaya a baya, irin waɗanda za ka ɗaura wa buhun albasa su ce ƙaro. A kwali suke zuwa masa daga Sakkwato, shi zai zauna ya haɗa su da hannunsa. In ya gama haɗawa sai ya yi musu naɗi. Zaren roba ne mai faɗi, kore da rawaya, yake naɗe ƙarfen keken da shi tun daga wuya har ƙarƙashin sirdi, ya ƙulle, ya bar jela biyu suna reto. Kyauta yake yi, amma ba ya yi wa keken da ba nasa ba ko da uban wa ya kawo. Saboda haka ko daga nesa ka hango kore da rawaya a garinmu, ka san inda aka sayo.

Ban da ciniki, akwai benci a ƙofar shagon. Bayan la'asar nan ake majalisa. Da mahaifina ya rasu, bayan an share makoki, na zo wucewa na gaishe su daga tsaye kamar yadda na saba, sai Baba ya buga gefen bencin da tafin hannu ya ce in zauna inda tsohona ke zama. Tun daga ranar nake zama a wurin. Ba wani abin kirki ake tattaunawa ba, farashin taki ne da wanda ya yi sabon aure da wanda rijiyarsa ta rufta, amma in na yini ban je ba ji nake kamar ban ci abinci ba. Wannan zaman nake tsoron rasawa, ba wani abu ba.

Ranar da abin ya faru ba keke ya kai ni Shagari ba. Wani mutumin Kajiji ne ya ba ni ɗinkin suna, muka yi da shi zan kai masa kasuwa mu haɗu. Na ba shi kayansa, ya yaba, muka rabu. Ina neman inda zan sha fura sai na ci karo da layin kekuna na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje. A cikinsu akwai wani shuɗi, siriri, mai ƙyalli, da wasu faya-fayai masu haƙora a jere a ƙafar baya. Tsayawa kawai na yi ina kallo, wallahi ba da niyyar komai ba.

Mai kekunan ya ce, "Malam, taka ka ji. Wanga ba da ido aka saye nai ba, da ƙahwa aka saye nai."

Na ce masa ni ina da keke, kuma ina da wurin da nake saye. Ya ce ai bai ce in saya ba, ya ce in taka. Na hau. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a kan keken, ya ce giya ce, in danna. Na danna, kaca ta yi ƙwas ta koma wani faifan, sai na ji feda ta yi laushi, keke na tafiya ni kuwa ban san ina tuƙi ba. Na zagaya bayan rumfunan masu hatsi, na dawo, na sake zagayawa. Shekara da shekaru ina fama da baƙin ƙarfen nan nawa, ashe haka wasu bayin Allah suke tafiya a duniya. Da na sauka ban tsaya dogon ciniki ba. Furar ma ban sha ba.

Sai da aka ɗaure keken a saman mota muka kama hanyar gida, muka wuce Lambara, sannan hankalina ya dawo jikina. Motocin Shagari a ina suke sauke mutane a Boɗinga? Tsallaken shagon Baba. Kuma la'asar ta kusa, benci ya cika ke nan. Na ga kaina ana sauko mini da shuɗin keke daga saman mota a gaban majalisa, Baba yana kallo da sifana a hannu. Tun kafin mu ga gidajen farko na fara buga jikin motar ina cewa a tsaya.

Direba ya waiwayo ya ce, "Ba Boɗinga kac ce ba? Nan ai daji na."

Na ce, "Nan nika sabka."

Ya sauke mini keken yana kallona, fasinjoji ma suna kallona. Na tura shi na kutsa cikin gonakin gero. Allah ya taimake ni geron ya yi kai, ya fi ni tsawo, ba mai ganina sai tsuntsaye. Na isa gida ta ƙofar baya, wandona duk ƙarangiya.

Mai ɗakina tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi keken, ta dube ni, ta dubi ƙofar da na shigo ta ciki.

Ta ce, "Maigida, satowa kay yi?"

Na ce, "Saye niy yi, da gumina."

"To ɓoyon mi kaka yi?"

Na ce mata ba ɓoyo nake ba, hanyar ce ta fi kusa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin an ce gonar gero ta fi titi kusa ba. Na shigar da keken ɗakin da muke ajiye hatsi na rufe shi da tabarma. Da yamma na fito da shi na yi ta zagaya tsakar gida, tsakanin turmi da randa, ina danna giya ina saki, kaji suna watsewa. Ita kuwa ta zauna bakin ƙofa tana yi mini sannu da zuwa duk sanda na zagayo.

Washegari na hau tsohon kekena na nufi shago. Da na zo gaban Baba na sauka na yi masa gaisuwar da ban taɓa yi masa ba. Na tambayi iyali, na tambayi jikoki, na tambayi gona, har ciwon bayan da ya warke tun bara sai da na tambaya. Ya amsa, sannan ya sunkuya ya taɓa kacar kekena da yatsa.

Ya ce, "Ɗana, kacag ga ta gaji, keken ma ya yi maka ƙoƙari. In ka shirya ka hwaɗa min, akwai sabbi tahe."

Na ce to Baba, in Allah ya yarda. Yawuna ya sarƙe ni, na yi ta tari har ya miƙo mini butar ruwa.

Haka na zama mai keke biyu. Na gari, tsoho, shi nake hawa in je shago in je majalisa. Na ɓoye kuwa sai in zan je gona, ta bayan gari, ta hanyar shanu. To hanyar shanu ƙaya ce da ita, kuma tayar shuɗin nan siririya ce, ba a yi ta don ƙayar ƙasarmu ba. Ba a daɗe ba ta sace. Nan na gane na shiga uku, domin duk mai faci a Boɗinga a hannun Baba ya koya, kuma ba wanda zai ga irin wannan keke ya kwana da labarin a cikinsa. Na zauna a ɗakin hatsi na ciro tif na gano hujin. Ina kallonsa, ɗan ƙarami, sai hannuna ya tafi aljihu da kansa ya zaro allura. Mai ɗakina ce ta riƙe mini hannu ta ce in ji tsoron Allah. Ƙarshenta sai da na koma bakin titi can wajen gari na tari mota, na kai keke Shagari don a yi masa faci. Mai kekunan ya tambaye ni ko masu faci sun yi yajin aiki a garinmu.

A hanyar dawowa ce dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ban taɓa yin tunani mai kyau irinsa ba. Me ke tona asirin keken nan? Tsirara yake. Da yana da naɗin kore da rawaya, duk wanda ya gan ni zai ɗauka wurin Baba na saya, ba wanda zai kai masa tsegumi. Ni kuma sai in guji layin shagonsa kawai in yi yawona a sauran gari. Ni da nake yi wa babbar riga aiki, naɗa roba a ƙarfe zai gagare ni? Na sa aka sayo mini zaren robar daga Sakkwato, na rufe kaina a ɗakin hatsi na yi naɗi, na ƙulle a ƙarƙashin sirdi, na bar jela biyu.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Yanzu kuma ƙarya kaka naɗa ma keke?"

Na ce mata ado ne, kuma kore da rawaya ba gadon gidan kowa ba ne. Raina ya ɓaci sosai, musamman da na san gaskiya ta faɗa.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda nake so. Na fara fita da shuɗin cikin gari, ta kasuwa, ta masallacin Juma'a, ko'ina ban da layi guda. Mutane suna tare ni suna shafa shi. Sai a ce, ashe Baba ya fara kawo masu giya? Ni kuwa sai in yi gyaran murya in ce Allah dai ya saka wa Baba da alheri. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma addu'a ba ƙarya ba ce. Da wannan nake lallashin kaina.

Sai dai a 'yan kwanakin nan na lura Baba ya canza mini. In na iso majalisa da tsohon kekena, kafin in jingine shi ya miƙe. Wani lokaci ya ce zai sake alwala, wani lokaci ya shige cikin shago ya yi ta motsa gwangwanaye. Rannan da hantsi na hango shi zaune yana shan iska, yana hango ni ya tashi ya shimfiɗa buzu ya tayar da salla. Na tsaya ina jira ya sallame, yana sallamewa ya sake tayar da wata. Mutumin da na sani shekaru ban taɓa ganin ya yi walaha mai tsawo haka ba. Na ce shi ke nan, ya ji, kuma fushi yake. Na koma shago na ɗinka wa wani mutum aljihu a bayan riga.

Da farko tsoro na ji, daga baya kuma haushi ya kama ni. Na yi ta faɗa ni kaɗai ina taka keken ɗinki. Shin auren shagonsa aka ɗaura mini? In mutum ya gaji ubansa a benci, sai ya gaji har inda zai kashe guminsa? Na shirya maganganu masu zafi da zan gaya masa. In na iso gabansa kuwa sai in ji bakina yana tambayar jikoki.

Ranar da ƙasa ta ƙi tsagewa in shige, muna zaune bayan la'asar, Baba bai samu ya gudu ba domin yana tsakiyar ɗaure wayoyin wata ƙafar keke. A cikin 'yan majalisarmu akwai wani dillalin albasa, mutum mai murya kamar yana magana da na tsallaken gulbi, wanda ba abin da ke wuce shi a gari. Ya gyara zama ya ce, "Baba, yaushe za ka sake kawo irin na tela? Mai giya. Ni ma ina son guda."

Baba bai ɗago kai ba, ya ci gaba da murɗa waya.

Ya ce, "Sun ƙare."

Dillali ya ce, "Yaushe sunka zo har sunka ƙare? Kullum ina bisa bencin ga, ban ga an sabke su ba."

Baba ya ce, "Guda ɗai yaz zo."

"To ka aika a kawo wani mana. Mutane na ta tambaya."

"Na ji."

Nan na fahimci abin da na jawo. Ashe tun da na fara yawo da naɗin ƙarya mutane ke zuwa wurin Baba neman keken da bai taɓa sayarwa ba, shi kuma yana ce musu sun ƙare. Dattijo mai jikoki yana yin ƙarya a bakin titi don ya rufa mini asiri, bayan ni na ci amanarsa. Ban san yadda na kai magariba a bencin nan ba. Kunya ta hana ni ko kallon inda yake.

Daga ranar na daina zuwa. In na tashi daga aiki sai in zauna a shagona in yi ta kallon titi, in ji ƙarar dariyarsu daga nesa, ko kuma kunnena ne ke raya mini. Na koma gida da wuri har mai ɗakina ta fara ƙorafin na tare mata tsakar gida. Ta ce in je in ba dattijon haƙuri a wuce wurin. Na ce haƙurin me, ni me na yi? Ta ce to in ban yi komai ba me ya hana ni zuwa. Na ce mata tuwon yau gishiri ya yi masa yawa.

Keken ne ya raba gardamar. Ina dawowa daga gona wata rana, ciyawa ta shiga tsakanin faya-fayan baya, na danna giya da ƙarfi, sai na ji ƙaras. Wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ke rataye a ƙafar baya, wanda shi ke ɗaga kaca ya mayar da ita wani faifan, ya karkace ya shige cikin wayoyi. Keke ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na tsaya cikin rana ina tunanin sake tarar motar Shagari, sai na ji na gaji. Na gaji da gonar gero, na gaji da ƙarangiya, na gaji da zaman shago ni kaɗai. Na saɓa keken a kafaɗa na miƙi titi, na ce in zagi ne a zage ni yau a gama.

Tsakar rana ce, ana gab da azahar, benci ba kowa. Baba na zaune a ƙofa yana gyangyaɗi. Na yi sallama. Ya buɗe ido ya ga abin da ke kafaɗata, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba.

Ya ce, "Shigo da shi, maza, kahin wani shi gani. Ruhe ƙohwa."

Na shiga na jawo ƙofar langa-langa. Cikin shagon duhu da zafi, sai hasken da ke shigowa ta ɗan taga. Na ajiye keken na durƙusa na fara jawabin da na shirya, wanda duk zafinsa ya zube a hanya. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Tun ranad da kas sabka bayan gari direba yah hwaɗa min. Kahin ka hita cikin geron nan na ji."

Ya ja jelar naɗina ɗaya, ƙullin ya warware gaba ɗaya a hannunsa.

"Wanga kuma ai ƙullin tazuge na. Keke kaka naɗi ko wando?"

Hannun tela ne, abin da ya saba shi ya yi. Na ce, "Baba, na san ka yi hushi da ni."

Ya zauna a kan wani tsohon kwali ya daɗe yana kallon faya-fayan nan. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, ranar da ya ji abin ya sosa masa rai, har ya tuna tsohona. Amma wannan ya wuce tun tuni. Sannan ya rage murya, duk da ba kowa sai mu biyu.

Ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa kwance irin wanga ba. Ban san cikinai ba. Kullum in na hango ka sai gabana shi hwaɗi, in ce yau za ya kawo min shi gaban mutane shi ce in gyara. Mi za ni ce musu? Baba mai keke bai iya keke ba?"

Ashe duk alwalar nan da walahar nan ba fushi ba ne. Ina gudunsa yana guduna, a gari guda, a titi guda. Na so in yi dariya, amma da na ga fuskarsa sai dariyar ta koma. Tausayinsa ya kama ni fiye da yadda nake tsammani.

Na ce to ai yanzu ba mutane, mu gwada. Ya ce mu gwada. Muka kifar da keken, ya ɗauko sifana da filaya, ni ina riƙe masa. Ya kwance noti na farko lafiya. Da ya kwance na biyu wani ɗan ƙarfe mai tsalle ya fito daga ciki ya bugi rufin kwano ya ɓace. Muka bi shi da rarrafe, ni ta ƙarƙashin tebur, shi ta bayan tsofaffin tayoyi, muna karo da kai. Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani yana neman a buga masa iska. Muka daskare a durƙushe. Aka sake ƙwanƙwasawa. Baba ya ɗaga murya ya ce, "Ba kowa!" Mutumin ya ce to, ya tafi.

Mun samo ƙarfen a cikin takalmin Baba. Mayar da shi ne ya gagara. Mu sa ta nan ya fito ta can. Na ce a juya shi, ya ce ai ya juya, na ce a sake juyawa, ya ce in na iya in karɓa. Na karɓa, ya tsalle ya bugi goshina. Aka kira azahar muka yi a cikin shagon, muka koma. Zuwa can gaban Baba ya cika da ƙananan ƙarafa a kan tsumma, kuma ba wanda ya san wanne ke bin wanne. Ya ajiye filaya ya share gumi da hannun riga.

Ya ce, "Kwashe ka kai Shagari. Mai kekunan can shi ya san abinai."

Na dubi tarkacen. In na fita da keken nan a wargaje daga shagon Baba na tsaya tsallaken titi ina jiran mota, kafin in kai Lambara duk Boɗinga ta ji cewa an kai wa Baba mai keke gyara ya kasa. Dillalin albasa kaɗai ya isa. Na kuma tuna yadda feda ke yin laushi in na danna maɓallin nan, abin da ya sa na sayi keken ke nan, ba shuɗinsa ba. Ban so rabuwa da shi ba ko kaɗan.

Na ce, "Baba, cire ta gaba ɗai. Rage kaca ka maishe shi irin namu. Giyag ga dama wahala taka ba ni."

Ya dube ni ya daɗe. Ya san ƙarya nake, ni ma na san ya sani. Sai ya jawo guduma da ƙusa. Nan fa aka zo aikin da ya sani. Ya cire ƙarfen da ya karkace, ya datse kaca, ya ɗora ta a faifai guda, ya ɗaure, ya juya feda ƙafa ta yi ta gudu ba ƙara. Ya warware sauran naɗina ya jefar a kwandon shara, ya ɗauko nasa zaren ya naɗe keken tun daga wuya har sirdi, yana yi yana ƙananan waƙe-waƙe. Tarkacen giyar ya zuba a gwangwanin madara ya tura can bayan kanta.

Da muka buɗe ƙofa la'asar ta yi, mutane sun fara taruwa. Muka yi salla muka dawo, na jingine keken a gaban benci na zauna. Dillalin albasa ya tashi ya zagaya shi, ya sunkuya ya leƙa ƙafar baya, ya nemi maɓalli bai gani ba.

Ya ce, "Tela, ina giyar?"

Na ce, "Ni nis sa anka cire. Ruɗa ni taka yi."

Ya tafa hannu ya ce, "Jama'a ku ji! An ba baƙauye keken zamani ya kasa, ya maido a rage mai!"

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce dama ya ga ina danna abin nan kamar mai kashe kwarkwata. Wani ya ce in koma jaki, shi ba ya ruɗa mutum. Ni mai saurin fushi ne, kowa ya sani, kuma na ji zafin maganar har cikin raina, amsa na nan a bakina in na so. Na haɗiye. Baba ya fi kowa dariya, har da share hawaye. Amma ta gefen babbar rigarsa, inda ba mai gani, ya lalubo hannuna ya matse da ƙarfi. Tafinsa duk baƙin mai ne, ya ɓata mini hannun farar rigata, ban janye ba.